Telan da Ya Ɗinka wa Kwamfuta Riga

Ƙawata mai sayar da zare da maɓallai ce ta fara ba ni labarin nan. Ta zo duba ni ne ranar da gwiwata ta hana ni fita, ta zauna a bakin gado tana murza min man zafi. Tana cikin murzawa sai na ji hannunta yana rawa. Na ce, "Ke, gwiwar tawa ce abin dariya?"

Ta ce, "Ba ke ba ce, tsohuwa. Wani na tuna."

Na ce to ta faɗa, in kuma ba daɗi ta tashi ta ba ni wuri. Ga abin da ta ce. Ban ƙara komai ba, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Wani tela ne, shagonsa yana kallon teburinta. Mutumin nan tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa yin kuskure ba. Shi ya faɗa da bakinsa. In ya ɗinka maka riga hannu ya gaza, sai ya ce hannunka ne ya ƙara tsawo bayan awo. In wando ya ƙi shiga, ya ce ka rage ci. Akwai wanda ya dawo masa da wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Tela ya ja da baya, ya ƙare masa kallo, ya ce, "Bawan Allah, ba a taɓa gaya maka a karkace kake tsayuwa ba?" Mutumin ya koma gida yana gwada tsayuwa a gaban madubi.

Za ku ce to yaya aka yi shagon bai mutu ba? Matarsa ce. Tana da nata keken ɗinki a gida, baƙi, na ƙafa, wanda mahaifinta ya bar mata. Duk wanda mijin ya ɓata wa kaya, sai ya zagaya ta ƙofar baya, ita ta farke ta gyara, ba ta ce komai ba. Shi kuwa gogan naku cewa yake yi, "Unguwar nan akwai zumunci. Kullum sai an zo gaishe da matata, kowa da ƙunshi a hammata."

Ana nan sai wata matashiyar tela ta buɗe shago a jikin nasa. Tana da kwamfutar hannun nan mai faɗi kamar faranti, wadda jikokina suke ce wa tabilet. In mai ɗinki ya zo, sai ta shafa da yatsa, hotunan riguna su yi ta wucewa, ya zaɓi wadda yake so. Shi kuma tela abin da yake da shi tsohon kalanda ne a bango, wanda rana ta cinye har ba ka gane mace ce ko namiji a jiki. Mutane suka fara wuce ƙofarsa suna ɗaga masa hannu.

Ya koma gida ya ce wa matarsa, "Gobe zan sayi farantin nan. Nawa ma sai ya fi nata girma."

Ta ce, "Baban yara, da me? Kuma ka san kansa? Ka nemi wanda ya sani ya raka ka."

Ya ce, "Ni da nake zaɓen yadi ido a rufe?"

Bai gaya mata da me ba. Ya bari sai da ta tafi gaishe da yayarta, ya ɗauki keken mahaifinta, ya kai wa wani mai shagon kayan wuta da ke yin musaya, sabo da tsoho, fanka, rediyo, dutsen guga, duk abin da ka kawo.

Mai shago ya jera masa kwamfutoci a kan kanta. Tela ya naɗe hannun riga. Ya ɗauki ta farko, ya murza gefenta da yatsa biyu kamar mai duba shadda, ya ajiye. Ya ɗauki ta biyu ya ɗaga ta a rana wai ya ga ko haske yana ratsawa. Ta uku ya shinshina. Sai ya hango wata a can ƙasa, ƙatuwa, sunanta ma ba wanda ya taɓa ji. Ya ɗaga, ya ji hannunsa ya yi ƙasa.

Ya ce, "Yawwa. Kaya mai kyau nauyi gare shi."

Mai shago ya ce, "Maigida, in gaya maka gaskiya, irin wannan masu saye suna cewa tana ɗaukar zafi."

"Masu saye ne ba su iya riƙewa ba."

"To shi ke nan. Amma ka ji sharaɗina. Zan ajiye keken nan har sati ya zagayo. In ka ga matsala, ka dawo da ita, ka ce min tana da matsala, ka ɗauki kekenka. In sati ya wuce kuwa, na sayar."

Tela ya ce, "Sayar da shi yau ma in ka ga dama."

Da matar ta dawo ta ga wurin keke fayau, sai sawun ƙafafunsa huɗu a kan siminti, ba ta yi ihu ba. Ta zauna a kan kujerar da take zama in za ta yi ɗinki, ta ɗora hannu a cinya. Shi kuma ya yi ta bayani, har ya faɗi sharaɗin mai shago don ya nuna mata irin wayon da ya yi a ciniki. Wannan kaɗai ta riƙe a cikin maganarsa.

Washegari ya fito da faranti a shago. Ya share tebur, ya ture almakashi da alli gefe, ya jingina ta da gwangwanin allurai yadda duk mai wucewa zai gani. Ya kunna. Kafin ya gama amsa gaisuwar maƙwabta, ta fara.

Mai askin da ke gefensa ne ya fara taɓawa. Ya janye hannu ya sa a baki.

"Kai! Tela, wannan daga kan murhu ka sauko da ita?"

Tela ya ce, "Hannunka ne ke da sanyi. Kullum kana cikin ruwan sabulu."

Wata mata mai jiran zanenta ta taɓa. "Wayyo! Ai wannan ta fi dutsen gugarka."

"Ke ma jininki ne ya yi ƙasa. Ki je a auna ki."

Ƙawata ta tsallako titi ta taɓa, ta ce masa, "Tela, ka ji tsoron Allah, zafi gare ta." Ya ce mata ita ai tsufa ne, fatarta ta yi laushi. Kafin azahar ya gano ciwo a jikin duk mutanen layin. Shi kaɗai ne mai lafiya, shi da faranti.

Don ya rufe musu baki sai ya ɗauke ta ya rungume a ƙirji, yana murmushi. Ƙawata ta ce ta ga gumi yana bin bayan kunnensa, ta ga yatsun ƙafarsa suna lanƙwashewa a cikin silifa, amma murmushin yana nan kamar an ɗinke shi da zare biyu.

Can sai wani saƙo ya shigo, kwamfuta ta yi ɗan kaɗawar nan da suke yi, zzz, zzz. Tela ya zaro ido.

"Kun ji ko? Kun ji? Rawar sanyi take yi! Ku kuna cewa zafi, baiwar Allah sanyi take ji. Dole ne ma. Tsirara aka ba ni ita."

Mai aski ya ce, "To ka ɗinka mata riga mana."

Da wasa ya faɗa. Amma ba a yi wa irin wannan mutumin wasa da abin da ya shafi allura.

Nan take ya zaro igiyar awo daga wuya. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya rubuta da alli a bango. Ya ɗauko ragowar karammiski ja, ya yi mata shafi da yadin roba mai santsi, ya sa zif a gefe. Ya bar fuskar kawai a buɗe, da ɗan rami na igiyar caji. Ƙawata ta rantse min cewa a duk shekarun da ta yi tana kallon shagon nan, wannan ce riga ta farko da ya ɗinka ta zauna daidai jikin mai ita.

Da aka sa mata riga sai abin ya ci gaba. Da, sai ka taɓa kake ji. Yanzu daga bakin ƙofa kake jin hucinta. Kyanwar layin, wadda take kwana a kan murfin mota in an kashe inji, ta shigo ta ga karammiski, ta hau ta zauna. Ba ta gama naɗe jela ba ta yi sama. Har yau in za ta wuce shagon sai ta tsallaka ɗaya gefen titi.

Mai aski kuwa ya samu abin yi. Da safe sai ya leƙo da kofi a hannu. "Tela, wuta ta ɗauke, ara min farantinka in ɗumama ruwan aski." An jima ya dawo. "Tela, tawul ɗina bai bushe ba, in shanya a kanta?" Da rana ya aiko a tambaya ko mara lafiya ta samu barci.

Tela ya ce, "Hassada ce. Duk wanda ba shi da abu sai ya ce yana da zafi."

Kwamfuta ta sake yin zzz. Ya girgiza kai cike da tausayi, ya ce rigar ta yi mata shara-shara. Ya ɗinka ta biyu a kan ta farko, wannan karon da soso a ciki, irin na kujera. Har da wuya da ɗan aljihu. Maɓallan a wurin ƙawata ya saya, ya tsaya yana zaɓe, wai kada su yi mata nauyi.

A gida kuma matar tana kallo. Ta ga yana cin abinci da cokali, mutumin da bai taɓa yarda da cokali ba. Ta ga filasta a yatsunsa. Ta ce, "Me ya same ka?"

"Allura."

"Duka goman?"

"Aiki ya yi yawa."

Ya cire riga zai yi wanka, ta ga wani jan tabo a cikinsa mai kusurwa huɗu, tsaf kamar an zana da abin awo. Ta ce, "Wannan kuma fa?"

"Ƙuraje ne."

"Ƙuraje masu kusurwa?"

"Jikina komai nasa a tsare yake."

Ta bari sai da ya ci ya sha, yara sun fita wasa. Ta zo ta zauna kusa da shi, ta yi ƙasa da murya. Ta ce, "Baban yara, ba wanda zai ji. Ba sai ka ce ka yi kuskure ba. Ba sai ka ba ni haƙuri ba. Ka je wurin mutumin nan ka ce masa tana zafi, shi ke nan. Ka ce a kunnensa ma. Ni zan ce wa mutane mai shagon ne ya roƙe ka ka mayar masa don ta fi ƙarfin garin nan. Keken babana kawai nake so."

Ya sunkuyar da kai. Ta ce a ranta ko an dace. Sai ya ce, "Ai matsalar ke ma hannunki sanyi gare shi. Tun ranar da na aure ki na lura, na dai yi shiru ne."

A kwanakin nan kuma sai ga abin mamaki. Mutane suka fara dawo masa da kaya ta ƙofar gaba. Wannan wuya ya matse, wancan aljihu yana baya. Tela ya ce, "Me ya samu jikin mutanen garin nan ne a satin nan? Kowa ya canza siffa." Zumuncin ƙofar baya kuma ya tsaya cak, ya ce mutane ba su da alkawari.

Ranar da sati zai cika, shugabar wata makaranta ta zo. Ita ce babbar mai ba shi aiki, duk shekara shi ke ɗinka kayan ɗalibanta, ko in ce shi ke yankawa matarsa ta ɗinka. Mace ce mai tabarau, ba ta son dogon zance. Ta ajiye sabon yadi a kan tebur, shuɗi mai ɗan roba-roba, ta ce za a canza fasalin rigar yara, ta ji an ce ya yi kwamfuta, ya nuna mata samfuri.

Tela ya washe baki. Ya ɗauko ta a cikin rigunanta biyu, tun safe tana caji. Mai aski ya bar mutum da rabin kai ya fito. Ƙawata ta bar teburinta. Matar tela ma tana bakin ƙofa, ta kawo masa abinci, da kwano a hannu.

Malama ta miƙa hannu za ta karɓa. Ya janye.

"A'a, Malama, bari in riƙe miki. Ba ta saba da baƙi ba."

Ya riƙe da dama, ya mayar hagu, ya mayar dama, yana ɗaga ƙafa ɗaya yana saukewa.

Ta ce, "Rawar me kake yi?"

"Haka ake riƙe ta. A takardarta aka rubuta."

Ta gyara tabarau ta leƙa. Riga ɗaya ta fito a fuskar, kafin ta gani da kyau sai wani rubutu ya rufe ta. Malama ta karanta a fili, yadda take karanta wa yara sanarwa. "An ce na'urar nan ta yi zafi fiye da kima, a kashe ta, a cire mata duk abin da ya rufe ta, a bar ta ta huce."

Matar tela ta matso taku ɗaya. Ga shi dai ba mutum ne ya faɗa ba, kwamfutar ce da kanta ta yi ƙara.

Tela ya ce, "Labarin yanayi take ba ki, Malama. Garin take nufi."

"Garin ne za a cire wa riga?"

"Shawara ce ga jama'a."

Malama ta ɗaga hanci. "Ƙaurin me nake ji?"

"Mai askin nan ne, gashi yake ƙonawa."

Mai aski ya ce, "Ni ga ni nan tsaye!"

A nan hannun tela ya gaza. Ya dire ta a kan tebur, a kan sabon yadin Malama, ya tura hannuwansa a hammata yana kallon rufi kamar mai lissafi. Wani siririn hayaƙi ya fito ta wuyan rigar, ya bi ta gaban tabaran Malama ya wuce. Fuskar kwamfuta ta yi baƙi.

Malama ta sa bakin almakashi ta ture ta gefe. A kan shuɗin yadin nan ga tabo mai kusurwa huɗu, ya yi ƙyalli, ya ƙanƙance, gefensa ya yi ruwan ƙasa.

Tela ya leƙa. Ya ce, "Allahu akbar. Kin ga aikin ilimi? Har ta zana miki inda aljihu zai zauna."

Malama ta naɗe yadinta, ta fita, ta yi taku uku, ta shiga shagon matashiyar nan.

Matar tela ta juye abincin a kan takarda. Ta sa tsummoki biyu ta ɗauki kwamfuta kamar mai sauke tukunya, ta sa a cikin kwanon, ta rufe, ta kama hanya. Tela ya bi ta yana cewa, "Ke, iska za ta buge ta!" Mai aski ya bi su, mai rabin kai ya bi mai aski, ƙawata ta bi bayan kowa.

Keken yana nan a shagon mai kayan wuta, a lungu, an ɗora masa fanka a kai. Matar ta gan shi, ta kawar da ido. Ta ajiye kwano a kan kanta ta buɗe.

Mai shago ya leƙa ya ce, "Wannan jaririn wa?"

Ta ce, "Kayanka ne."

Aka kwance maɓallai. Aka cire riga ta sama. Aka ja zif, zif ya ƙi. Da aka farke da reza sai aka tarar shafin roban nan ya narke ya manne a bayanta, ita da riga sun zama abu ɗaya. Mai shago ya daɗe yana kallo. Ya kalli matar, ya ga idonta. Mutumin kirki ne, ba laifi.

Ya ce, "A ƙa'ida ba na karɓar kaya da tufafi. Amma saboda baiwar Allah nan, zan karɓa in mayar wa waɗanda suka kawo min, in ce ta lalace. Abu ɗaya nake so. Wanda ya saya ya faɗa da bakinsa, a gaban shaidu, cewa tana zafi. Kada gobe a ce na ƙwace kaya mai lafiya. Maigida, tana zafi?"

Kowa ya juya. Mai rabin kai ma ya daina sosa kumfa. Matar ta ce a hankali, "Baban yara."

Tela ya kalli keke. Ya kalli matarsa. Ya kalli mai aski, wanda ya riga ya buɗe baki yana jiran dariya. Ya ɗora tafin hannunsa a kan kwamfuta, kowa ya ji ɗan sautin nan, tsss. Bai ɗauke ba.

Ya ce, "Ni dai ban ji komai ba."

Mai shago ya rufe kwano ya tura musu. "To mai kaya ya ce lafiya lau. Allah ya sa albarka."

Kafin la'asar an sayar da keke. Kun san wa ya saya? Matashiyar nan. Aikin makaranta ya zo mata, keke ɗaya ba zai isa ba. Yanzu in matar tela ta kawo abinci shago, ta cikin bango take jin ƙarar keken babanta. Ta san shi, yana da wani ɗan tari da yake yi in an kai ƙarshen layi. Sai ta ajiye kwano ta tsaya jim, sannan ta tafi. Shi kuma yana zaune da farantinsa, kwamfutar ta farfaɗo, hoto dai ba ta nunawa sai ta ga dama, amma zafi ba ta fasa ba. Ya ɗinka mata riga ta uku.

Nan ƙawata ta tsaya, tana share hawayen dariya da bakin mayafi. Ni ma na yi dariya har gwiwar ta amsa. Amma da dariyar ta lafa sai na ji tarin keken nan a kunnena. Ni ma ɗinki na yi na ciyar da 'ya'yana bayan rasuwar ubansu. Kekena yana nan a bayan ƙofa, an rufe shi da tsohon zane, jikoki suna ajiye jakar makaranta a kai. Tun da gwiwa ta ƙi, ban sake taka shi ba.

Na ce, "Ke, zafin nan da kike faɗa, da gaske ne ko ƙari ne irin naki?"

Ta ce, "Wallahi ko ta cikin riga uku sai kin ji shi har ƙashi."

"Yana daɗewa?"

"In an yi mata caji, wuni take yi."

Na kalli man zafin da take murza min, wanda ba ya kai ko'ina sai ƙamshi. Na kalli robar ruwan zafin da 'yata ta sayo min, wadda kafin in gyara kwanciya ta huce.

Washegari da safe na sa aka kira mai baro. Aka ɗora keken, na goge shi da kaina, na ɗiga masa mai. Na ɗauki sandata, ƙawata ta riƙe ni, muka bi bayansa a hankali har shagon tela. Na aika aka kira matarsa. Da ta zo na ce a sauke keken a gabanta. Ta taɓa ƙafar keken da tata ƙafar, ya juya sumul. Ta rufe baki da hannu.

Na ce wa tela, "Kai ne mai farantin?"

Ya miƙe. "Ni ne, Kaka. Sannu da zuwa. Ɗinki ne?"

"Allah ya kiyaye. Musaya na zo yi. Keken nan na matarka ne, ba naka ba, in ka taɓa shi sai na karya maka sandar nan a baya. Ni kuma ka ba ni farantin, da rigunansa."

Ya juya ya kalli mai aski, ya kalli layin gaba ɗaya, ƙirjinsa ya taso. "Kun gani? Kun gani? Wanda ya san kaya ya zo har gida!"

Na ce, "Dakata, ɗan nan. Ni ba hoto zan kalla ba, idona bai kai nan ba. Gwiwata zan gasa da ita. An ce min tana zafi, shi ya sa na taso. In tana zafi, a yi musaya. In kuwa ba ta zafi, mai baro bai tafi ba, a mayar min da kekena."

Mai aski ya ajiye reza. Matashiyar tela ta tsayar da kekenta ta leƙo. Matar tela kuwa ta ɗauki babban almakashinsa daga kan tebur tana duba kaifinsa.

Na ce, "Ina jin ka. Tana zafi ko ba ta zafi?"

Gumi ya keto masa. Ya kalli almakashi, ya kalli keke, ya kalli ƙofa. Sai ya sa tsumma ya ɗauko ta, ya miƙo min da hannu biyu.

Ya ce, "Zafi kam ba ta yi, Kaka. Sai dai in kin ji gwiwar ta fara ƙauri, ki sauya ɗayar."